Tabarmar Yafet

Yafet ne ya nace sai an sa 'yarsu Joanna a wata makarantar kuɗi ta Montessori a Kafanchan. Matarsa Zipora sau ɗaya ta leƙa ajin, ta dawo tana tsaki. Yara zube a ƙasa, kowa da 'yar tabarmarsa, suna juye wake daga wannan kwano zuwa wancan. Wai shi ma karatu ne!

Bayan an binne Yafet, masu gaisuwa suka watse, gida ya yi tsit. Zipora ba ta yi kuka ba. Ta yi girki, ta yi wanke-wanke, ba ta jin komai a ranta. Da shara ta kai ta gindin mangwaro, sai ga tabarmar da Yafet yake tsaga citta a kai, wuƙarsa tana nan inda ya ajiye ta. Ta sunkuya za ta naɗe.

"Mama, bari!" in ji Joanna. "Antinmu ta makaranta ta ce ba a naɗe tabarmar wani. In aikinsa yana kai, zai dawo ne. Zagayawa ake yi."

Zipora ta kalli yarinyar. Sannan ta saki tabarmar, ta ɗauki tsintsiyarta, ta zagaya.