Zanin Iya

Tun daga bakin rijiya Hafizu ya hango taro a ƙofar gidan Zakiyyu. Bai ko kafe babur ɗin ba, ya sake shi ya faɗi da buhun geron da ya ɗauko daga Kongolam.

Mahaifiyarsa Iya ce tsaye a tsakiyar mutane, takalmi ƙafa ɗaya, tana murmushi kamar wadda aka gayyato suna. A gabanta an kwantar da Fadila, 'yar Zakiyyu, a kan tabarma, jikinta sai ɓari yake yi.

“Jiya ta faɗo mana gida ba sallama tana kiran sunan yarinyar,” in ji Zakiyyu. “Kafin la'asar jiki ya ɗau zafi. Ta tuɓe zani ta tsallaka ta sau uku, ta sakar mata kurwa. Shi ke nan.”

“Baba Zakiyyu,” in ji Hafizu, “wa ya yanke wa Fadila cibiya?”

Shekara arba'in Iya tana ungozoma a ƙauyen. Bana shekara uku ke nan da fara mantuwarta: inda ta ajiye ludayi, sai raka'o'in salla, sai sunayen 'ya'yanta. Abin da ya rage mata shi ne hanyar gidajen da ta karɓi haihuwa.

Hafizu ya kira yayarsa Adawiyya, wadda ke wata jami'a a ƙasar waje tana binciken cutar da ke cinye ƙwaƙwalwar tsofaffi. Takardu sama da arba'in ta wallafa, masana suna kafa hujja da su. Shi kuwa daga aji biyu na sakandare ya ajiye biro. Ya ƙure muryar wayar ya ɗaga ta sama.

“Wallahi ba maita ba ce,” in ji Adawiyya. “Ciwo ne, sunansa...” Sai Hausar ta ƙare mata, ta zarce da Turanci.

“Dakta, a juyo mana da yaren gida mana!” wani ya ce. Aka kwashe da dariya. Wata mata ta kai hannu ga bakin zanin Iya.

Hafizu ya sha gabanta.

“Kun san rumbun da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, ciki ba komai. Haka kan Iya yake. Wanda zai kwance zanin nan, sai ya fara tsallaka ni.”

Yana cikin magana Iya ta durƙusa, ta ɗora bayan hannunta a goshin Fadila, kamar yadda ta yi wa rabin mutanen da ke wurin.

“Kuna tsaye?” ta ce. “Zazzaɓi ne. Ina uwarta?”

Murjanatu, uwar yarinyar, ba ta dubi mijinta ba. Ta suri 'yarta ta ce, “Hafizu, ta da babur.”

* * *

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Kwana uku Fadila ta miƙe. Amma a ƙauye labarin daban ne: ai mayyar ta taɓa ta, ta saki kurwa. Daga ranar, in an hango Iya, sai a janye yara a saka sakata.

“Yaya,” Hafizu ya ce a waya, “takardunki arba'in, ko ɗaya ba ta iya tsayawa a ƙofar Baba Zakiyyu ba. Ki yi mini guda da baki, da Hausar da Iya ta koya miki.”

Sau huɗu tana naɗar muryarta tana turowa. Uku ya mayar, ya ce har yanzu akwai ƙanshin jami'a. Ta huɗun ta fara da gara da rumbu.

Yanzu duk fasinjan da ya ɗauka tsakanin Mai'adua da Kongolam sai ya kunna masa. Wasu su ce ya kashe. Wani tsoho ya ce a sake, sannan ya ce matarsa ma haka take.

Da safe kafin ya fita, Hafizu ya durƙusa ya ƙulle wa Iya bakin zani, ƙulli biyu. Ta shafa kansa.

“Yaro mai hankali,” ta ce. “Ɗan gidan wa ne kai?”

Ya ja ƙullin ya ji ya kama, sannan ya tura babur waje.