Ranar da Aka Hana Injiniya Magana

Su biyu ne a shagon, wa da ƙane, suna ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Babban ana ce masa Injiniya, shi ke aunawa da haɗawa. Ƙaramin shi ne mai walda, yaran gidan na kiransa Baffa. Suna da hannu, suna da masu saye. Littafin bayani ne kawai ba su da shi. Duk wanda ya sayi inji, da lambar wayar Injiniya yake tafiya, in ya rikice ya kira, ko da ana tsakiyar cin abinci.

Sai wani dillali ya zo zai kai injinan garuruwa masu nisa, ya ce ba zai loda ko ɗaya ba sai kowanne da littafinsa a ciki. Injiniya ya gwada rubutawa, aka dawo masa da abinsa. Dole suka ba wani kamfani da sana'arsa ke nan. Kamfanin ya turo wata marubuciya, ta yi ta zuwa tana tambaya tana ɗaukar hoto, har Injiniya ya gaji da jin muryar kansa.

Yau ce ranar ƙarshe. Da yamma littafin zai tafi wurin bugawa, jibi motar dillali za ta zo.

"Saura gwaji," in ji marubuciyar, tana murza idanunta. "A samo min wanda bai taɓa sa hannu a injin ba, ya bi littafin daga farko har ƙarshe."

Auta, ƙaramar 'yar Injiniya, tana zaune a kan benci da kayan makaranta, tana jira ya tashi su tafi gida. Aka ce ta zo.

"Ku kuma sharaɗi ɗaya ne," in ji marubuciyar. "Ba magana, ba nuni, ba gyaran murya. Wanda zai sayi injin nan ba zai same ku a kusa ba."

Baffa ya kwashe da dariya. "Malama, ai gara ki hana shi numfashi. Yaya ko a barci bayani yake yi."

Injiniya ya harare shi, ya zauna, ya cusa hannayensa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

Auta ta buɗe littafin, tana bin layi da yatsa, tana karantawa a fili kamar a aji. Ta zuba ruwa a faranti har inda aka yi alama. Ta jera ƙwai, tsinin yana kallon ƙasa. Ta jona waya, fitila ta kama. Duk abin da ta yi sai ta waigo, uban kuma sai ya mai da ido kan siminti.

"A rufe ƙofar, a tura sakata," ta karanta.

Ta rufe. Sakatar ta ƙi shiga. Ta buɗe, ta sake rufewa, ta danna da hannu biyu. Ta koma ta karanta layin a hankali, ko ta tsallake wani abu. Ba ta tsallake komai ba. Ta sa kafaɗa, ƙwan suka yi motsi a ciki, ta ja da baya a tsorace.

"Baba?"

Injiniya ya ƙara danne hannayensa da cinyoyinsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ma'aunin zafi ya ɗan hau ya tsaya, domin iska na fita ta gefen ƙofar. Idon yarinyar ya cika da ƙwalla, amma ba ta ajiye littafin ba.

"Ya isa," in ji marubuciyar.

Kafin ta rufe baki Injiniya ya isa gaban injin. Ya tura ƙofar, sakata ta shige.

"Me ka yi yanzu, Injiniya?"

"Ƙofa na rufe."

"Da gwiwarka fa?"

"Wace gwiwa?"

"Sake yi, ka kalli ƙafarka."

Ya buɗe, ya sake rufewa, yana kallo. Gwiwarsa ta shiga ƙarƙashin ƙofar da kanta, ta ɗan ɗaga ta, sannan sakatar ta shiga. Ya tsaya yana kallon ƙafar kamar ta aro.

Baffa ya je wurin injin da ke gaba a layi, ya rufe. Tasa gwiwar ma haka ta yi. Suka bi layin har bango, duk haka suke. Ƙarfen da suke aunawa da shi in za su huda wurin rataya ƙofa ne ya ɗan sauka, ba wanda ya san tun yaushe.

Injiniya ya zauna. Ya tuna masu kiransa suna cewa ƙwan bakin ƙofa ba sa ƙyanƙyashewa. Wata tsohuwa ta kira har ta gaji ta daina. Ya ce mata laifin zakaranta ne.

Marubuciyar ta duba agogo. Akwai wani aikin da ke jiranta a wani wuri, ita ma tun safe ba ta ci komai ba.

"Zan iya ƙara layi ɗaya," ta ce. "A ɗaga ƙofar da gwiwa kafin a tura sakata. Littafinku ne, abin da kuka ce shi zan rubuta."

"Rubuta, Malama, Allah ya ba ki lada," in ji Baffa. "Bayana ya ƙage."

Injiniya ya dubi Auta. Tana tsaye rungume da littafin, tana goge hanci da bayan hannu.

"Kada ki ƙara komai," ya ce. "Ki kai shi a buga yadda yake. Kai kuma miƙo min sukudireba."

"Duka injinan, Yaya?"

"Duka."

"Jibi fa motar za ta zo."

"Ni ma a nan nake da aka faɗa."

Baffa ya yi tsaki, ya ce da ya sani da sayar da ƙwan ya koya, ya tafi neman abin huda ƙarfe. Marubuciyar ta tattara takardunta, ta dafa kan Auta, ta yi musu sallama.

Aka ba Auta gwangwani ta riƙa tara noti. Suka cire ƙofar farko, suka auna, suka sake hudawa. Ƙarar ƙarfe ta cika shagon. Da rana ta yi sanyi aka mayar da ƙofar, yarinyar ta matso kusa da uban.

"Baba, na faɗi ko?"

Bai ɗago ba, yana ɗaure noti na ƙarshe. "Zo ki karanta layin nan kuma."

"A rufe ƙofar, a tura sakata."

Ta tura da hannu ɗaya. Sakatar ta shige ba gardama. Ta dubi ubanta, ta ga ya riga ya durƙusa gaban inji na biyu yana dafe da ƙugu, ga sauran a jere har bango.

A nan Auta ta gane cewa tun da rana ba ita ake gwadawa ba.