Askin Jakin Kallamu

Jakin Kallamu ya makance tun kafin daminar tamanin da huɗu ta ƙi, amma a ƙauyenmu na bayan Badaguishiri ba wanda ya sani sai shi da matarsa Kaltume. Ni da muke danga ɗaya ma sai daga baya na ji. Idanun a buɗe suke tar. Dogayen gashin nan na baki da na gefen ido su ke yi masa jagora: kafin hanci ya kai ga itace ko bakin kwatarniya, gashin ya taɓa, sai ya ja baya. Kallamu bai san aikin gashin ba, shi dai a ganinsa jakinsa wayo gare shi.

Da rumbu ya ƙare, yaransu uku suka fara kwana da ruwa kawai a ciki, Kaltume ta ce a kai jakin kasuwa a sayar, a sawo hatsi.

Ranar kasuwa da safe Kallamu ya ga gashin bakin jakin ya yi fari fat, ya ce ba mai sayen tsoho. Ya ɗauko almakashi ya aske shi tas, ko na ido bai bari ba. Ni kuwa ina tsaye ina yaba masa wai ya mai da shi saurayi. Har yau abin na cina.

A kasuwa Rabo dillali ya kawo wani mai amalanke daga Tsarnawa, mutumin har ya fara shafa bayan jakin. Aka turo kwanon dusa. Jakin ya sunkuya ya buga leɓe a bakin kwanon, ya firgita, ya juya ya faɗa cikin shingen ƙaya, fuska gaba.

Mutumin ya ce, "Wanga jakki bai gani, malam." Ya kaɗe rigarsa ya wuce. Kafin azahar duk masu saye sun ji.

Ni da Kallamu muka jawo jakin gida, yana tafe yana tsayawa, tsoron kowane taki yake ji. Kaltume na bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Ta dubi bayansa babu buhu, ta dubi fuskarsa duk jini.

"Mi kay yi mishi?"

"Gyara shi niy yi," in ji Kallamu.

Ta kife ƙwaryar a kan danga, ta shiga ta ce wa yaran su kwanta, ko la'asar ba a yi ba.