Tun Da Na Ɗanɗana Nata

Haulat ba ta gama warware gajiyar hanya ba ta ji maganar da ta dagula mata ziyarar. Daga Zariya ta zo Doha wurin mijinta Ɗalhatu, direban wani otal, wanda rabonsa da gida tun 'yarsu Jannat tana rarrafe, yanzu kuwa har an sa ta a makaranta. Ya yi alkawarin bana kwantiraginsa zai ƙare ya dawo gida, ita kuma ta zo ne ta tabbata mijin nan har yanzu nata ne. Tana cikin ɗan kicin ɗin ɗakin da ya kama a unguwar Old Airport, tana kaɗa miyar kukar da ta yo tsaraba, sai ta jiyo shi a waya da abokinsa yana ƙyaƙyata dariya.

"Ai ni tun da na ɗanɗana nata, khalas, shi ke nan! Ba na iya mako guda ban leƙa can ba."

Maburgi ya tsaya cak a hannunta. Nata? Na wace ce? Kishi ya taso mata, amma Haulat ba ta cikin matan da ke tambaya, ita tarawa take yi. Ta zuba masa tuwo, ta zauna tana lura da kowace loma, da ya ce ya ƙoshi kuwa ta ce a ranta, dole ka ƙoshi mana.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya ce ta shirya, zai kai ta wani gidan abinci na mutanen Fotugal a unguwar Madinat Khalifa, wai babu inda yake so a garin nan kamarsa. Ta sha leshinta mafi tsada, ta yi ɗaurin da ba ta yi sai biki, ta feshe jikinta da turare. Wanda ya gan ta zai ce fita shan iska za ta yi, alhali shirin yaƙi ta yi.

Wurin ɗan ƙarami ne, bangonsa duk tayil shuɗi mai zanen jiragen ruwa, ga muryar wata mata tana fita a rediyo da waƙa kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ba su kai ga zama ba wata doguwar baƙa mai fararen haƙora ta taho da fara'a tana kiran "Dalatu!" Ya gabatar da ita, wai sunanta Vanessa, 'yar Mozambik ce, ita ke kawo abinci. Haulat ta dube ta daga sama har ƙasa, ta amsa gaisuwar a daƙile.

Aka kawo burodi da zaitun, sannan kifi mai gishiri da aka yayyaga aka soya da dankali da ƙwai, sai gasasshiyar kaza da ta sha barkono. Ɗalhatu yana ta bayani, yana kiran sunan kowane abinci da yarensu kamar a can aka yanke masa cibiya.

"Wannan ai busasshen kifi ne," in ji Haulat. "Har a kasuwar Sabon Gari akwai shi."

"Ke dai ci, Maman Jannat. Amma ki rage wuri, don ba ki ci komai ba sai kin ci nata."

Nan tarin ya fashe. Ta ajiye cokali da ƙarfi har mutanen teburin kusa suka waigo.

"In ci nata? Baban Jannat, ni za ka ɗauko tun daga Zariya ka kawo gabanta ka ce in ci nata? Nawa da nake dafa maka fa, guba ne?"

Ɗalhatu ya saki baki yana kallon ta. Daidai lokacin Vanessa ta iso da ɗan faranti, ta dire shi a tsakaninsu, ta ce da murmushi, "Nata!"

Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne masu kama da waina, gefensu ɓawo mai ƙaras-ƙaras, cikinsu haɗin ƙwai da madara, samansu ya ɗan ƙone an barbaɗa kirfa. Ɗalhatu ya dubi farantin, ya dubi matarsa, sai ya kife kai a tebur yana dariya har da hawaye. Da ƙyar ya iya gaya mata cewa sunan abin ke nan a yarensu, nata.

Kunya ta rufe Haulat, amma daɗin da ta ji ya fi kunyar. Ta ɗauki ɗaya ta gatsa don ta sami abin kushewa, ta rasa, abin kuwa ya ƙara ba ta haushi. Ta ɗauki na biyu, har ta yi wa Vanessa murmushin gaske.

Ganin ta sake, Ɗalhatu ya gyara zama. Ya ce da ma a nan yake so ya gaya mata wata magana, a wurin da ransa ke sanyi. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ke riƙe da takardun aikinsa, ya nemi ya sabunta kwantiragi, kuma ya riga ya sa hannu.

"Na saba da garin nan, Maman Jannat. Kin dai gani da idonki."

Ta gani kuwa. Ta ga yadda mai dafa abinci ya leƙo ya ɗaga masa hannu, da yadda yake kurɓar ɗan kofin gahawarsa ba tare da ya nemi sukari ba, shi da a gida shayi ma sai ya zama zuma. Da mutum ce ta ɗauke masa hankali, Haulat ta san ta inda za ta ɓullo, ta kira Hajiyarsa, ta kai ƙara wurin yayansa. Kishin ya dawo mata sabo, ya fi na farko zafi, kuma ta rasa wanda za ta harara.

"Kin yi shiru," in ji shi.

Ta goge yatsunta a hankali, ta tura masa sauran farantin.

"Da ma macen ce, Baban Jannat," ta ce.