Ranar da Mama Nas Ta Hura Mini Ciwo

Da hantsi ne, ruwan da ya sauko tun asuba bai gama ɗaukewa ba, tagogin ɗakin maza duk a rufe. Ina kwance a gadon kusa da ƙofa, ƙafata ta hagu a kan filo. Ni mai walda ne. Ƙarfe mai zafi ne ya faɗo mini a ƙwauri ya cinye fata, shi ya kawo ni asibiti.

Mama Nas ta shigo tana tura keken kayan wankin ciwo. Haka muke kiranta, don ta girmi duk nas-nas ɗin da ke ɗakin. A da ta yi aikin nan, sai mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta ajiye ta koma gida. Shekara da shekaru tana juya shi, tana yi masa wanka, ga yara. Da ya rasu ta ɗauko lasisinta ta duba, ta ce ashe shi ma ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya yi masa zaman makoki. Aka ce sai ta yi 'yan watanni a ƙarƙashin Sistar ɗakinmu, sannan a gwada ta. In ta ci a sabunta mata. In ta faɗi, sai ta koma aji ta zauna da sa'o'in 'yarta. Ta taɓa ce mini wannan kam ba za ta iya ba, gida za ta koma.

Ranar gwajin ke nan, kuma ƙafata ce jarrabawar.

"Mai Walda, ka kwanta da kyau," in ji tsohon direban da ke gadon gefena. "Kada ka kayar mana da Mama."

"Baba Direba, ka ƙara magana in fara da kai," in ji ta. Ta yi dariya.

Sista ta zo ta tsaya a ƙarshen gado, hannu a baya. Yarinya ce a kan Mama Nas, ba ta da yawan magana, ba ka gane abin da ke ranta a fuska.

Mama Nas ta wanke hannu har gwiwa, ta sa takunkumi, ta jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri ta ɗaga shi a hankali, ko gashi ɗaya bai ja ba. Ta sake wanke hannu, ta buɗe sababbin kaya daga ledarsu, ta sa safar hannu. Ta ɗauki auduga da hantsaki ta fara share ciwon daga tsakiya zuwa gefe. Komai na tafiya daidai. Ana cikin haka wani ya leƙo ta ƙofa yana tambayar Sista makullin wani ɗaki, ta juya tana ba shi amsa.

Daidai nan audugar ta taɓa inda naman yake ɗanye. Na ja iska ta haƙora, ƙafata ta zabura.

Kafin in ankara Mama Nas ta ja takunkuminta ƙasa da hannun safar, ta sunkuya ta hura mini ciwon, fuu, fuu. "Sannu, sannu, ya wuce," ta ce, kamar yadda ake yi wa yaron da ya faɗi a tsakar gida. Gaskiya na ji daɗin iskar. Rabona da a yi mini haka tun innata na da rai.

Sai ta tsaya cak, bakin nan a tsuke. Ta kalli hannunta, ta kalli ciwon.

Sista har yanzu baya ta ba mu. Na ce ƙasa-ƙasa, "Ba ta gani ba, Mama. Mayar da abin ki ci gaba."

Ta girgiza kai. "Ƙafarka ce, ɗana." Ta ajiye hantsakin. "Sista, na ɓata aiki. Na taɓa takunkumi da safa, na kuma hura masa ciwo."

Sista ta juyo. "Kin hura?"

"Da baki."

Baba Direba ya ja bargo ya rufe fuska, bargon na ta motsi.

"To yanzu me za ki yi, Anti?"

"Daga farko." Ta dube ni. "Ka yi haƙuri, za ka sha zafin sau biyu."

Ta zubar da duk abin da ta buɗe, ta wanke hannu, ta canza takunkumi, ta ɗauko wasu kayan. Karo na biyu ya fi zafi, sai da na ciji filo. Na ga takunkumin nata na shiga yana fita, amma hannunta bai je wurin ba. Ta shafa magani, ta rufe, ta naɗe.

Sista ta sunkuya ta zura yatsa a bakin bandejin ta ji ko ya matse. Ta daɗe tana duba yatsun ƙafata.

"Anti, tun yaushe kike hura wa mutane ciwo?"

"Tun babbar 'yata na rarrafe."

"A gida ki ci gaba. A nan ki bar mana bakin a rufe." Ta miƙe. "In kin kai kayan ki same ni a ofis in sa miki hannu. Daga sati mai zuwa wannan layin gadajen naki ne ke kaɗai."

Mama Nas ta jingina da bango ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga.

"Ana son kai a ɗakin nan," in ji Baba Direba daga cikin bargo. "Ni wata nawa ina nan, ba a taɓa hura mini ba."

"Kai naka sai da famfon taya," ta ce, tana share ido.

Ta kama keken za ta tura, ya ƙi motsi. Ta sake turawa, hankalinta na wani wuri. Sista na wucewa ta sa kan takalminta ta ɗaga birkin tayar baya, ta yi gaba abinta. Keken ya tafi, Mama Nas ta bi shi.