Ajin Ticha Dramani

A shekarar 1954 aka ba Dramani ajin koya wa manya Turanci a Zongon Kumasi. Tsohon soja ne, a yaƙin ƙasar Bama ya tsinci Turancinsa. Bayan la'asar ake zama, a wata rumfar kwano kusa da masallaci. Ɗalibansa dillalan shanu ne da mata masu sayar da goro a kasuwar Kejetia, yawancinsu sun girme shi.

Jami'in da ya ɗauke shi aiki, wani ɗan ƙabilar Fante mai farar riga, ya kafa masa doka guda: a cikin aji ba Hausa, ba yaren Asante. Wai sai kunne ya saba.

Wata biyu Dramani yana dukan tebur yana faɗin sunan tebur ɗin da Turanci, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Ranar da aka zo kan kalmar da ke nufin jiya, ya rasa abin nunawa. Ya yi ta wurga hannu bayan kafaɗarsa, har Baba Seini dillali ya miƙe ya leƙa ko akwai wani abu a bango. A lokacin mutum talatin da aka fara da su sun koma tara.

Mma Azumi mai goro ta ajiye allonta.

"Ticha, tun asuba ina tsaye a kasuwa. Kana jin Hausa, muna jin Hausa. Wahalar nan ta mece ce?"

"Doka ce, Mma."

"Wanda ya sa ta yana nan?"

Dramani ya zauna, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Jiya nake nufi." Kafin magariba sun riƙe jiya, yau da gobe, har suna haɗa jimla.

Haka aka ci gaba mako biyar. Wata Laraba jami'in ya zo, ya tsaya bakin rumfa yana saurare. Dramani ya gan shi, amma ba shi da ƙarfin komawa dukan tebur.

Da aka tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, haka suka fi ganewa."

"Na ji da kunnena," in ji jami'in, yana share gumi. "Amma daga Ankara, babban birninmu, takardar dokar ta zo, ni ma turo ni aka yi."

Ƙarshen wata aka maye gurbin Dramani da wani malami daga bakin teku, wanda ko sannu bai iya ba. Dramani ya samu gadi a wani injin katako a unguwar Atonsu. Can Baba Seini ya same shi da labarin an rufe ajin. Dramani ya gyaɗa kai, ya matsa masa a benci, ya tambaye shi yadda shanu suka iso bana.