Liƙin Alhaji Ɗalhatu

"Baba ya canzo me?" in ji Safiyyatu.

"Kuɗi, Yaya. Sababbi fil. Tun da hantsi ya tasa ni gaba sai unguwar Najma, muka yi ta shiga shagunan canji, wai shi ba ya son wanda hannu ya taɓa."

Ta zare hannuwanta daga kwanon ruwan ɗumin da take jiƙa su kafin ta hau dandali. Ruwa yana ɗiga a kan doguwar rigarta, ba ta ko lura ba. Ƙaninta Ismail, injiniyan da yake ba ɗaruruwan ma'aikata umarni a kamfanin gas, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin shiri yana murza hularsa kamar ɗalibin da aka kama.

"Ka faɗa masa nan ba gidan biki ba ne? Ka faɗa masa ko tari mutum ya yi sai an juyo an kalle shi?"

"Wallahi na faɗa. Ya ce ba ni zan koya masa yadda ake yi wa makaɗi ba."

Makaɗi. Kalmar ta sauka mata a ƙirji kamar dutse.

Alhaji Ɗalhatu, mahaifinsu, tsohon ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari. Aikin ido ya kawo shi Doha, ya sauka gidan Ismail a unguwar Abu Hamour. Shekaru kusan talatin ke nan rabon da ya yi wa Safiyyatu maganar da ta wuce amsa gaisuwa. Ta koyi fiyano ne a makarantar kwana a Jos, wurin wata tsohuwar malama, a kan wani tsohon fiyano da rabin maɓallansa suka yi rawaya. Ranar da aka ba ta gurbin karatu a Viyana, ya tara dangi a tsakar gida ya ce a zuri'arsu ba a taɓa yin maroƙi ba, ba kuma za a fara daga kansa ba. Ta tafi da kuka. Tun daga nan ta yi wasa a Balin da Tokyo da biranen da ita kanta ta manta sunayensu, an miƙe mata tsaye, an rataya mata lambobi, jaridu sun ce yatsunta suna sa dutse hawaye. Amma duk Sallah in ta kira gida, "Lafiya lau" ne kawai, sai ya miƙa wayar ga na kusa da shi.

Yau kuma ga shi a layin gaba na babban zauren da ke bakin teku, da aljihu cike da sababbin riyal. Ita ba ta san me ya zo yi ba. Ko ya sauko ne, ko kuwa ya zo ya tuna mata a gaban duniya cewa duk inda ta kai, maroƙiya ce da ake manna wa kuɗi a goshi.

"In kina so in ce masa an ɗage wasan," in ji Ismail. "In mayar da shi gida. Khalas, shi ke nan."

"Ƙarya za ka yi wa Baba?"

"To ya zan yi? Manajar zauren nan ta ce ana ɗaukar wasan kai tsaye, gidajen rediyo suna jone, kuma shi ne faifan da za a fitar na cikarki shekara ashirin da biyar a sana'a. Duk wanda ya miƙe ana cikin kiɗa, waje za a yi da shi. Kin san su ba sa duba furfura."

Ta sani. Shekara biyu tana shirin wannan yamma. Ta kuma san in Baba ya koma Kano ba tare da ya ji ta ba, da wuya wata dama ta sake zuwa. Tsufa ya kama shi sosai.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce lokaci ya yi.

"Ka zauna kusa da shi," ta ce. "Ka riƙe masa hannu. Ismail, don Allah, kar ka saki."

Fitila ta haske ta, tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Ta sunkuya, ta zauna, ta hana idonta zuwa layin gaba. Kashin farko na kiɗan mai gudu ne, ta shige shi kamar mai tsere wa wani abu, yatsunta suna bin juna ba tuntuɓe. Da ta kai ƙarshensa zauren ya yi tsit, irin shirun da ake yi tsakanin kashi da kashi. Babu wanda ya motsa. Ta saki numfashi. Wataƙila ya haƙura.

Sai ta shiga kashi na biyu, mai sanyi, wanda aka fi saninta da shi. A nan sauti yakan yi siriri har mutum ya ji bugun zuciyarsa. Kullum in ta zo wurin nan, tsakar gidansu take gani da la'asar, inuwa ta sauko, mahaifiyarta tana tankaɗe. Ta lumshe ido.

Ƙwas.

Sanda ce ta taɓa ƙasa.

Ƙwas.

Ta gefen ido ta hango farar babbar riga ta miƙe. Ismail ya rirriƙe gefenta, tsohon ya fizge ba tare da ya waiwaya ba. Yana tahowa a hankali, ido ɗaya a rufe da farin bandeji, hannunsa na dama a cikin aljihu. Kawuna suka fara juyawa. Wata mata ta ja tsaki.

Yatsun Safiyyatu suka ci gaba da kansu, sun san hanya. Ita kuwa zuciyarta ta bar kan fiyanon. Masu gadi biyu suka fito daga gefe, cikin baƙaƙen kaya. Na gaban ya sha gaban tsohon, ya rusuna, ta ji ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa tsantsa.

"Baba, don girman Allah ka koma. Aikina ne, za su kore ni."

"Matsa, yaro."

Na biyun ba ya jin Hausa, bai kuma tsaya tambaya ba. Ya ga hannu a aljihu, ya cafke shi ya murɗe. Sanda ta faɗi. Hula ta gangara ƙarƙashin kujeru, sai ga kan Alhaji Ɗalhatu a waje, fari fat, kan da ko 'ya'yansa ba su saba gani ba. Sababbin takardu suka watse a kan kafet.

Saura kaɗan ta kai ƙarshen kashin. In ta daure, za a fitar da shi cikin sauri, masu na'ura su goge 'yar hayaniyar, faifai ya fita lafiya. Ta danna fedar fiyanon da ƙafa, ta ci gaba, hawaye yana taruwa.

Sai muryarsa ta tashi, muryar da ta saba cika rumfa a kasuwa, ta ratsa zauren har cikin makirufo.

"Ku sake ni! 'Yata ce! Ni na haife ta!"

Hannuwanta suka tsaya a sama. Sautin ƙarshe ya yi ta shawagi har ya mutu. Tun da take, ko da zazzaɓi, ko ranar da aka yi mata rasuwar mahaifiya, ba ta taɓa yanke kiɗa a tsakiya ba.

Ta miƙe. Daga bayan labule manajar tana yi mata alama da hannu biyu, ta zauna, ta ci gaba. Ba ta kalle ta ba. Ta taka zuwa bakin dandalin, ta sauko matakala, ta ce wa mai gadin da Turanci ya cire hannunsa. Ya cire. Bahaushen ya riga ya lalubo hular, ya kaɗe ta, ya miƙa da hannu biyu. Ita ta karɓa ta ɗora wa mahaifinta, sannan ta durƙusa har ƙasa a gabansa, da rigar da aka ɗinko mata daga Faris.

"Baba, sannu da zuwa."

Yana haki. A tafin hannunsa akwai takarda guda da ya dunƙule bai saki ba. Ya warware ta, ya lalubi goshinta, ya manna. Gumi ya riƙe ta.

"Ban san yadda ake yi muku ba," ya ce, murya ta dushe. "Wannan na iya. Tun ɗazu abin nan yake taɓa ni a nan." Ya dafa ƙirji. "Na kasa zama."

Ta kama hannun ta riƙe, zauren kuwa ko numfashi ba a ji.

Manajar ta iso da sauri, takalminta yana ƙara. Ta sunkuyo tana raɗa. Rediyo na jira. Doka ce, wanda ya tayar da hayaniya sai ya fita, ba ta da ikon canzawa. In an fitar da shi yanzu za a ɗora daga inda aka tsaya, a gyara komai. In kuwa ba haka ba, kamfanin ɗaukar faifan zai janye na'urorinsa, babu faifai.

"Me take cewa?" in ji Alhaji Ɗalhatu. Ya dubi Ismail, wanda ya ƙaraso yana tsintar kuɗin. "Na yi ɓarna ko? Kawo sandata mu tafi. Kar in lalata mata aiki."

Ya juya da gaske. Safiyyatu ta ji hannunsa yana zamewa daga nata, ta ƙara damƙewa. Ta miƙe tsaye, takardar tana nan a goshinta, ta fuskanci jama'a. Da Turanci ta fara, yadda na layin ƙarshe zai ji, sannan ta maimaita da Hausa saboda shi.

"Wannan mahaifina ne, yau ya fara jin kiɗana. A kawo masa kujera a ajiye kusa da fiyano. Masu ɗauka su kashe na'urarsu in sun ga dama. Zan sake daga farko, kuma ba zan taɓa maɓalli ko ɗaya ba sai ya zauna."